Kulawar Sassauta Wahalar Ciwo Ba Tare da Kwanciya a Asibiti Ba: Tambayoyi da Amsoshi

Mai doguwar jinya ya fi daɗewa a gida fiye da gadon asibiti. Yawanci yana zuwa ganin likita ne ya koma, sauran kwanakin kuma yana hannun matarsa ko 'yarsa ko ƙaninsa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda iyalai suka fi maimaitawa idan aka tura mara lafiyarsu sashen sassauta wahalar ciwo. Adadin magungunan da muka ambata na babban mutum ne, don a fahimci yadda aikin yake. Likitan da ya duba mara lafiya shi ke yanke abin da zai sha.

Wace irin kulawa ce wannan?

Kulawa ce da ke mayar da hankali kan wahalar da cuta mai tsanani ke jawowa: raɗaɗi, haki, tashin zuciya, rashin barci, gyambo, fargaba, da nauyin da ke kan masu jinya. Likitan ciwon daji yana faɗa da ƙarin da ya fito, likitan ƙoda yana kallon sakamakon gwajin jini. Wannan sashe kuwa tambayarsa ita ce: jiya da daddare ka runtsa? Kana iya zuwa banɗaki da kanka? Me ya fi damunka yau?

Ba mutum ɗaya ke yin aikin ba. Akwai likita, malaman jinya, mai harhaɗa magani, jami'in walwala, mai gashin ƙashi, wani wurin har da limami ko fasto. Tsarin na zamani ya samo asali ne daga aikin Cicely Saunders, wadda ta buɗe gidan jinya na St Christopher's a Landan a 1967. A 2014 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince cewa wannan kulawa ɓangare ce ta aikin lafiya a kowace ƙasa. Duk da haka ƙiyasin hukumar ya nuna mutum miliyan 56.8 ke buƙatarta kowace shekara, kashi 14 cikin 100 kacal ke samu.

An tura mu can. Likitoci sun cire rai da shi ke nan?

A'a. Mun san inda tsoron ya samo asali. Mutanenmu sun saba jin "ku kai shi gida, a ci gaba da addu'a", sai a ɗauki mutum a kwantar a ɗaki yana nishi dare da rana, babu mai sake waiwayarsa. Wannan sashe an kafa shi ne don kada a ƙara yin haka. Ana zuwa nan tare da ci gaba da kemo (maganin ciwon daji), ko wankin ƙoda, ko magungunan zuciya, ba sai an daina su ba.

Akwai binciken da aka yi a babban asibitin Massachusetts da ke Boston a Amurka, aka buga shi a 2010. Mutum 151 masu ciwon dajin huhu da ya bazu aka raba gida biyu: wasu suka ci gaba da maganin daji kaɗai, wasu aka haɗa musu da zuwa wannan sashe tun farkon gano cutar. Rukuni na biyu sun fi jin daɗin rayuwa, baƙin ciki ya fi ƙaranci a cikinsu, kuma tsaka-tsakin abin da suka rayu wata 11.6 ne, na farkon kuwa wata 8.9. Rai na hannun Allah, amma wannan ya isa ya nuna zuwa da wuri ba ya kusantar da ajali. Babbar asarar da ake yi ita ce a jira sai mutum ya kasa haɗiye ruwa kafin a kawo shi.

Na masu ciwon daji ne kawai?

Har da mai ciwon zuciyar da ta gaza, mai ciwon ƙoda (yana wanki ko ba ya yi), mai hantar da ta ƙanƙance cikinsa na tara ruwa, mai daɗaɗɗen ciwon huhu, wanda ɓarin jikinsa ya shanye, mai cuta mai karya garkuwar jiki da ta yi nisa, mai sikila da ciwo ke yawan tasar masa, da tsohon da ciwon mantuwa ya kama. Yara ma suna ciki.

Me za mu zo da shi ranar farko, me kuma za a yi?

Ku zo da takardar da aka turo ku da ita, katin asibiti, duk sakamakon gwaji da hotuna. Ku zuba duk abin da yake sha a leda guda ku taho da shi: na likita, na kyamis, na Islamiyya, jiƙe-jiƙe da garin magani. Kada a ɓoye komai don jin kunya, domin sau da yawa amsar ruɗewa ko aman da ya ƙi tsayawa tana cikin ledar nan. Kuma wanda zai rako shi ya zama mai kwana da shi, ba babban wa da ke leƙowa ranar Juma'a ba.

Zaman farko yakan kai minti 45 zuwa awa ɗaya. Za a bi alamomin ɗaya bayan ɗaya, a duba baki da fata da ciki, a tambayi yaushe rabonsa da bayan gida. Za a tambayi abin da ya sani game da cutarsa, da abin da yake so ya iya yi: zuwa masallaci, zama a shago, ganin auren 'yarsa. A kan wannan ake gina tsarin magani. Kafin ku fita ku tabbatar kun riƙe abu uku: jadawalin magani a rubuce da sa'o'insa, ranar dawowa, da lambar da za ku kira idan abu ya canza. Idan an fara sabon magani mai ƙarfi, a kan sake tuntuɓa cikin kwana biyu zuwa uku ko da ta waya ce. Idan abubuwa sun daidaita, mako biyu zuwa wata guda.

Yaya likita zai san yawan ciwon, tunda ba a ganinsa?

Daga bakin mai shi. Ana amfani da ma'aunin 0 zuwa 10, ko kuma yatsun hannu: dunƙulallen hannu babu ciwo, yatsa biyar ciwon da bai taɓa jin irinsa ba. Matsalarmu a nan ita ce dauriya. Ka tambayi dattijo jiki, zai ce "da sauƙi, alhamdu lillahi" alhali bai yi barci ba kwana uku. Godiya ga Allah daban, bayanin da likita zai yi aiki da shi daban. A faɗi inda ciwon yake, ko yana tafiya wani wuri, ko zogi ne, ko suka, ko zafi kamar an zuba barkono, da abin da ke tayar da shi. Littafin rubutu na 'yan makaranta ya isa: kwanan wata, awa, lambar ciwo, maganin da aka sha. Shafi biyu na irin wannan sun fi doguwar hira amfani.

Me ya sa aka ce a sha magani da agogo, ko ba a jin ciwo?

Saboda ciwon da ke da tushe mai ɗorewa ba ya tafiya, danne shi ake yi. Kowane magani yana da sa'o'in da yake aiki a jini. Idan aka jira ciwo ya dawo da ƙarfinsa, sai mutum ya sha wahalar kusan awa guda kafin sabon ya kama, kuma ya fi buƙatar magani mai yawa. Tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1986 shi ne: ta baki, da agogo, mataki-mataki. Ciwo mara tsanani farasitamol, giram 1 duk awa 6, kada ya haura giram 4 a yini, a kuma rage wa mai ciwon hanta ko wanda nauyinsa bai kai kilo 50 ba. Matsakaici kodin ko tiramadol, shi tiramadol ba ya wuce miligiram 400 a yini domin yana jawo farfaɗiya. Mai tsanani mofin. Wanda ya zo yana birgima ba sai an bi da shi ta matakin farko ba, kai tsaye ake fara masa mofin.

Mofin ba ƙwaya ba ce? Muna tsoron ya kamu da shaye-shaye, ko ta ƙarasa shi.

Tsoron yana da dalili. Duk wanda ya ga abin da tiramadol da kodin suka yi wa matasa, har gwamnatin Najeriya ta hana maganin tari mai kodin a 2018, dole ya yi ɗari-ɗari. Amma wanda ke shan ƙwaya don ya bugu daban yake da mai dajin da ya ci ƙashinsa yana shan adadin da aka auna masa. A wajen na biyun jaraba ba ta cika faruwa ba. Abin da ke faruwa shi ne jiki ya saba, don haka ba a tsayar da ita rana ɗaya. Idan ciwon ya ragu, a hankali ake janye ta. Wanda ya taɓa shaye-shaye a baya ya gaya wa likita, ba za a hana shi magani ba, sa ido za a ƙara.

Zancen tana kashewa kuwa ya samo asali ne daga al'adar ajiye ta sai mutum yana gargara. A ba shi yau, ya cika gobe, sai a ɗora wa maganin laifin cutar. Idan aka fara da kaɗan ana ƙarawa daidai da ciwo, mutane suna shan ta watanni, wasu shekaru, suna fita harkokinsu. A Yuganda, cibiyar Hospice Africa da Dakta Anne Merriman ta kafa a 1993 ta nuna cewa ruwan mofin mai arha, wanda ake haɗawa daga gari, ana iya shansa lafiya lau a gidajen ƙauye.

Yaya ake ba da ruwan mofin a gida?

Ana farawa da miligiram 2.5 zuwa 5 duk awa 4. Tsoho da mai rauni sosai da 2.5. Tsarin da ya fi sauƙi ga iyali shi ne ƙarfe 6 na safe, 10, 2 na rana, 6 na yamma, sai 10 na dare, inda likita kan ce a ninka na daren don kada a tashe shi ƙarfe 2. A auna da sirinji mara allura, ba da cokali ba, domin cokulan gida ba girmansu ɗaya ba.

Kuskure mafi haɗari shi ne rikita miligiram da mililita. Ruwan yana zuwa da ƙarfi iri-iri: wani miligiram 1 ne a kowace mililita, wani 10. Mililita 5 ta na farko miligiram 5 ce, ta na biyu 50. Duk lokacin da aka karɓo sabuwar kwalba a karanta takardar jikinta, a sa mai ba da maganin ya nuna layin da za a tsaya a jikin sirinji.

Idan ciwo ya ɓalle kafin lokacin sha, akwai adadin agaji: kashi ɗaya cikin shida na abin da ake sha a awa 24. Mai shan miligiram 5 sau shida yana shan 30 a yini, agajinsa 5 ke nan, kuma ba ya hana shan na gaba a kan lokacinsa. A rubuta kowane agaji. Idan ana buƙatarsa fiye da sau biyu ko uku kullum, adadin yau da kullum ya yi kaɗan, a kira asibiti su ƙara, kada a ƙara da ka. Kwalbar ta zauna a akwati mai makulli, mutum ɗaya ke riƙe da mabuɗin. A kuma duba saura tun ana mako guda ya ƙare, saboda ba kowane kantin magani ke da izinin ajiye ta ba.

Waɗanne illoli za mu gani?

Gyangyaɗi da tashin zuciya a kwanakin farko, sukan wuce cikin kwana uku zuwa biyar, kuma akwai maganin amai da ake haɗawa. Wanda ba ya wucewa shi ne taurin bayan gida, don mofin na rage motsin hanji muddin ana shan ta. Shi ya sa ake fara maganin sakin ciki rana ɗaya da ita, kamar bisakodil miligiram 5 zuwa 10 da daddare, ko sena, ko laktulos. Gwanda, miyar kuɓewa da yawan shan ruwa suna taimakawa, amma ba sa maye gurbin maganin. Kwana uku babu bayan gida, a sanar. Wani abin da ke ruɗa masu jinya: mutum ya daɗe bai yi ba, sai a ga ruwa-ruwa yana zuba, a ce zawo ne a ba shi maganin tsayarwa. Sau da yawa busasshen kashi ne ya toshe, ruwa ke bi ta gefensa. Maganin zawo a nan ƙara toshewa yake yi.

Mai ciwon ƙoda sai an yi taka-tsantsan, domin ragowar mofin ta fitsari take fita. Idan ƙoda ba ta tacewa sai ta taru: barci mai nauyi, fizgar gaɓoɓi, ruɗewa, ƙwayar ido ta tsuke. A irin wannan ana rage adadi, a nisanta sa'o'i, ko a canza magani.

Yana shan maganin amma ciwon bai lafa ba. Me ya faru?

A fara duba abu mai sauƙi: yana sha a kan lokaci? Yana amayar da shi? Wani a gida ya rage masa don tsoro? In ba haka ba, wataƙila nau'in ciwon ne. Ciwon jijiya, mai zafi kamar wuta ko fizga kamar lantarki, ba ya jin mofin sosai. Yana buƙatar amitiriftilin miligiram 10 zuwa 25 da daddare ko gabafentin, kuma sai an ba su kwanaki kafin a ga aikinsu. Ciwon dajin da ya shiga ƙashi yakan lafa da haskawa da na'urar radiyoterafi, sau da yawa zama ɗaya tak. Ana wannan aiki a asibitin koyarwa na Shika a Zariya, da na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da Babban Asibitin Ƙasa a Abuja; a kira a tabbatar na'ura na aiki kafin a ɗauko mara lafiya a kama hanya. Akwai kuma ciwon da tunani ke hurawa: bashi, kuɗin makarantar yara, tsoron mutuwa. Wannan ƙarin miligiram ba ya taɓa shi, zama ake yi a saurari mutum.

Abubuwa biyu muna roƙon a guje musu. Na ɗaya, kiran mai kyamis ya riƙa yin allurar fenta (wato fentazosin, ta rage ciwo) a gida. Aikinta gajere ne, tana karo da mofin har ta tayar da ciwon, kuma yawan yin ta na sandarar da tsoka ya bar gyambon da ba ya warkewa, abin da masu sikila da dama suka gamu da shi. Na biyu, diklofenak da ibufurofen ga mai ciwon ƙoda, ciwon zuciya, hanta ko gyambon ciki: suna ƙarasa ƙoda, su tara ruwa a jiki, su jawo zubar jini.

Yana haki. Sai mun sayi tukunyar iska?

Ba lallai ba. Iskar oksijin tana amfani ne idan an auna an ga ta jininsa ta yi ƙasa. Da yawa masu haki tasu daidai take. A zaunar da shi ya ɗan sunkuya gaba, hannuwansa a kan matashi, a buɗe taga, a sa ƙaramar fanka ko mafici iska na bugun fuskarsa, a rage cunkoson 'yan dubiya. Ɗan mofin kaɗan yana rage jin sarƙewar. Mai ciwon zuciya ya hau sikeli kowace safiya. Ƙarin kilo 2 cikin kwana uku ruwa ne ke taruwa, a kira kafin ya kai ga kwanciya.

Ya daina cin abinci. A sa masa ƙarin ruwa?

Wannan ya fi komai ƙona ran uwa ko mata, domin a wajenmu ciyarwa ita ce jinya. A fara leƙa bakinsa da fitila. Farin abu kamar dusar madara a harshe da kumatu ƙwayar cuta ce da maganin nistatin ke kashewa, kuma ita kaɗai tana hana ci. A duba taurin ciki da tashin zuciya. Idan an gyara waɗannan, a ba shi kaɗan-kaɗan sau shida a ƙaramin kwano: kunun gyaɗa, koko da madara, fura da nono mai laushi, romo, ƙwai. Mai ciwon ƙoda ya bi abin da aka tsara masa.

Amma idan cuta ta yi nisa, ita ce ke kashe sha'awar abinci tana narkar da tsoka, ba yunwa ke ramar da shi ba. Ɗura a nan tana jawo amai da shaƙewa, abinci ya faɗa huhu. Ƙarin ruwa kuwa ruwa ne da gishiri ko ɗan sukari, ba abinci ba ne. A jikin da zuciya ko ƙoda ta gaza, ƙafa da huhu yake taruwa ya ƙara haki. Yana da wurinsa, kamar bayan amai ko zawo mai yawa. Jiƙa leɓe, kurɓin ruwa da goge baki sau da yawa a yini sun fi kashe ƙishi.

Yaya za mu yi da gyambo mai wari, da na kwanciya?

A dafa ruwa rabin lita da ƙaramin cokali ɗaya na gishiri, ya huce, a wanke a hankali ba tare da gurzawa ba. Warin ƙwayoyin cuta ne ke kawo shi. Malaman jinya kan nuna yadda ake daka ƙwayar Flagyl a barbaɗa a kai, cikin 'yan kwanaki ya ragu. A jiƙa tsohon bandeji kafin a ɗaye shi don kada ya yi jini. Kada a zuba toka, man birki ko garin magani. Wanda ba ya iya juyawa a juya shi duk awa 2, a duba ƙugu, ɗuwawu da dunduniya kullum, a sa matashi tsakanin gwiwoyi. Shimfiɗa ta kasance a bushe, kuma kada fatarsa ta kwanta kai tsaye a kan leda.

Mun roƙi likita kada ya gaya masa cutarsa. Laifi ne?

Ƙauna ce ta sa, mun sani. Sai dai yawancin marasa lafiya sun riga sun gane, suna shiru ne don kada su tayar muku da hankali, sai kowa ya zauna da nasa nauyin shi kaɗai. Ba a tilasta wa kowa jin abin da ba ya so, ba a kuma yi wa wanda ya tambaya ƙarya. Ana tambayarsa ne: kana so a yi maka bayani, ko a yi wa wani naka? Mutum yana da haƙƙin ya biya bashi, ya mayar da amana, ya nemi gafara, ya yi wasiyya, ya faɗi inda yake so a yi jinyarsa idan jiki ya ƙara tsanani. Gara a yi wannan magana yana da ƙarfin yin ta.

Azumi fa, da addu'a, da maganin gargajiya?

Addu'a da tofi ba sa karo da komai a jadawalin. Mai shan magani duk awa 4 ba zai iya azumi ba, kuma aya ta 184 da 185 na Suratul Baƙara sun yi wa mara lafiya rangwame. Batun ramuwa ko ciyarwa a tambayi malami. Wanda ya dage, ya zo tun cikin Sha'aban a duba ko za a iya mayar da shi kan magani mai aikin awa 12. Jiƙo da garin da ba a san abin da ke ciki ba su ne abin tsoro, musamman ga ƙoda da hanta. A nuna wa likita kafin a sha.

Yaushe ne ba za a jira ranar dawowa ba?

Sabon ciwon baya tare da nauyin ƙafafu, ko kasa riƙe fitsari da bayan gida: mai yiwuwa ƙari ne ke danne laka, kuma sa'o'i ne tsakanin tafiya da shanyewa. Zazzaɓin da ya kai 38 ga mai karɓar kemo. Jinin da ya ƙi tsayawa, aman jini ko baƙin bayan gida. Amai da kumburin ciki, babu bayan gida babu tusa. Ruɗewa farat ɗaya. Kumburin fuska da wuya tare da haki. Rashin fitsari yini guda. Barcin da ba a iya tayar da shi, numfashi ƙasa da 10 a minti ɗaya: a dakatar da mofin, a tafi sashen gaggawa da kwalbar a hannu, akwai allurar naloksan da ke warware ta.

A ina ake samun wannan kulawa, kuma idan ya kasa zuwa fa?

A Najeriya asibitin koyarwa na Ibadan na cikin waɗanda suka fara, da ƙoƙarin Farfesa Olaitan Soyannwo. A sauran manyan asibitocin koyarwa da cibiyoyin lafiya na tarayya, a tambayi likitan da ke duba ku, ko sashen ciwon daji, ko na likitocin sa barci, domin sau da yawa a ƙarƙashinsu aikin yake. Ofishin walwala na asibiti ne wurin kai kukan kuɗi. A gaya wa likita gaskiyar aljihu. Sau da yawa akwai magani mai arha da ke aiki iri ɗaya, kuma akwai gwaje-gwajen da za a iya bari idan sakamakonsu ba zai canza komai ba.

Idan hawa mota ya zama azaba, a tambaya ko mai jinya zai iya zuwa da littafin da katin a madadinsa, ko a yi ta waya, ko akwai masu ziyarar gida. A nemi a rubuta abin da za a yi ranar da ya kasa haɗiya, tun kafin ranar ta zo. Jinyar kuma a raba ta: mai kwanan dare daban, mai karɓo magani daban, don mace ɗaya ba za ta iya juya babban mutum duk awa 2 na tsawon watanni ba tare da ita ma ta kwanta ba. Mofin da ta rage bayan an canza magani ko bayan rasuwa, a mayar da ita kantin maganin asibitin da aka karɓo ta, kada a ba wani mai ciwo ko a bar ta a kan taga.